Butata da Hawainiyar Magdi

Zangona na farko a Alƙahira gidan mutane ne da ban taɓa sani ba. Ƙarshen shekarun saba'in ne, na sauka da akwatin ƙarfe ɗaya, da butar roba shuɗiya da Innata ta cusa min a kaya, da bakin nan nawa wanda tun a Kano ya sa ake ce min Isyaku Rediyo. Wani simsar, wato dillalin gidaje, mai gashin baki kamar tsintsiya, ya rungume ni kamar tare aka yi mana kaciya. Ya ce akwai ɗaki a Giza wanda ko sarki sai ya yi wanka kafin ya shiga. Ya karɓi abin da zai karɓa, ya danƙa min makulli, ya ɓace. Na je ina ta zura makulli, sai ƙofa ta buɗe daga ciki. Mutum ne da matarsa da 'ya'ya biyar, suna cin wake. Makullin ma ashe na keke ne.

Maigidan ya dube ni, ya dubi akwatina, ya ce, "Ma'alesh." Ya matsa ya ba ni wuri, na ci wake har na ƙoshi. Kalmar da na fara koya a Masar ke nan, a yi haƙuri. Da ita ake ta'aziyya, da ita ake taka maka ƙafa a bas.

Zango na biyu baranda ce. Malam Hadi, wani Bazazzagi da ya riga ni zuwa karatu da shekara biyu, shi ya tsince ni ya kai ni ɗakinsu na ɗalibai. Su bakwai ne a ciki, in mutum zai juya a barci sai ya yi sanarwa. Ni na takwas, sai aka ba ni baranda. To wanda ya ce maka Masar ƙasar zafi ce, da bazara ya je. Sanyin Alƙahira ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema ya yi sallama da ɓargo. Na fara tari irin wanda ke tada maƙwabta. Mai gidan ya zo ya ƙirga takalma a bakin ƙofa, ya ce wanda ya ƙaru ya nemi wuri kafin wata ya mutu.

Ana cikin haka Malam Hadi ya dawo daga sayen burodi yana murmushin mugunta.

"Kai Bakane, na samo maka ɗaki. A saman bene, kai kaɗai, har da ƙofa mai rufuwa."

"Allah ya yi maka albarka, na yafe wa Zazzau gaba ɗaya."

"Tsaya tukuna. Tsohuwa ce, Hajja Umm Magdi. Ta ce ba za ta ba kowa ba sai wanda ya san sha'anin hirbaya."

"Wace ce kuma Hirbaya? 'Yarta?"

"Hawainiya."

Na ji tarin ma ya tsaya. Mu da muka taso ana ce mana in ta tofa maka yawu a ido ka makance, in ta cije ka ba ta saki sai an yi tsawa. Ni na taɓa barin takalmi sabo fil a gonar ramar kakata saboda na yi ido huɗu da ita, ko in ce ido uku, don ɗaya idon nata wani wajen yake kallo. Amma na tuna baranda. Na ce, "Mu je."

Hajja Umm Magdi gajeruwa ce mai jiki, cikin baƙin kaya, idonta kamar na alƙali. Larabcina a lokacin na littafi ne, in na yi magana mutanen unguwa sai su ɗauka huɗuba zan fara, don haka Malam Hadi ne tafinta.

Na ce, "Gaya mata gidanmu gidan Sarkin Hawainiya ne. Kakana garke yake da shi, ɗari uku. Da asuba ake kora su kiwo, kafin su kai bakin zaure magariba ta yi, sai a juyo da su."

Malam Hadi ya ce, "Wallahi ba zan fassara ƙarya ba."

"Kai dai fassara, Malam. Zunubin nawa ne, ladan tafinta naka."

Ya fassara yana istigfari tsakanin jimla da jimla. Hajja ta dube ni daga hula har ƙafa, ba ta yi dariya ba. Ta ce ɗanta Magdi, shi ke nan gare ta, ya tafi Kuwait aikin gini, ya bar mata hawainiyarsa Zuzu amana. Duk kaset ɗin da ya aiko, sai ya tambayi Zuzu kafin ya tambayi ciwon gwiwarta. Yanzu wani maƙwabci zai tafi can nan da mako uku, Magdi ya ce a aiko masa da hoton Zuzu. Ga Zuzu ta daina cin abinci.

"In ta tashi, ya ibni, ɗakin naka ne har ka gama karatu. In ta mutu, ƙofar da ka shigo ba ta gusa ba."

Ya ibni, wato ɗana. Da wannan za a kore ka ma, cikin ladabi.

Ta kai mu falo. Zuzu na cikin akwatin gilashi irin na kifi, a kan kabad, an rufe tagogi saboda sanyi, an lulluɓe saman akwatin da ƙyalle mai ado. Tana kwance a ƙasa, baƙi ƙirin kamar ƙonannen rogo. Ta juyo ido ɗaya ta dube ni. Na ce a raina, ke ma kin san ni, ni ma na san ki, mu rufa wa juna asiri.

Ranar na kwashe akwatina da butata na hau zango na uku. Ɗaki ne ɗan ƙarami a kan rufin bene, kusa da akurkin tantabarun Hajja da igiyoyin shanya. In ka yi ɗage kana hango dalar nan ta Masar can nesa. Aka hawo min da Zuzu da akwatinta.

To ni abin da na sani a duniya shi ne baƙonka annabinka. Baƙo kuwa da ruwa ake fara tarbarsa. Na cika kwano na ajiye mata da dogon ludayi, don hannuna bai shirya shiga ba. Ba ta kalla ba. Na kawo wake, na kawo burodi jiƙe da shayi, har da ɗan yankan nama da ni kaina na yi kwana goma ban gani ba. Ta bi ta kai ta wuce kamar matar gwamna a kasuwar 'yan gwangwan.

Malam Hadi ya zo duba mu, ya tsaya daga nesa da littafi a hammata, ya yi nazari.

"Kaɗaici ne," in ji shi. "Halitta ba ta zama ita kaɗai. Ko kai da aka raba ka da gida ai ka rame."

Maganar ta shige ni, don ni ma kullum in na ji ƙamshin albasa ana soyawa sai in tuna Innata. Abokin zama kuwa babu inda zan samo mata, sai na jingina madubin askina a jikin gilashin don ta ga 'yar'uwa. Jama'a, ashe yaƙi na haɗa. Zuzu ta kumbura, ta buɗe baki, ta yi wani huci kamar an kwance tayar keke. Ni na yi gabas, Malam Hadi ya yi yamma, littafin fiƙihu ya faɗa cikin ruwan tantabaru.

Daga bayan tankin ruwa ya ce, "Sarkin Hawainiya, ina za ka?"

"Dabara ce ta gidanmu. Ana ba su fili."

Mako guda ya tafi a haka. Kowace safiya Hajja na hawowa da gwiwarta mai ciwo, ta leƙa, ta dube ni, ta sauka. Kallon nan ya fi zagi.

Wanda ya fara buɗe min kai Baba Usmanu ne, wani tsohon kafinta a bayan layinmu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a can, shi kuma neman abinci ya gangaro da shi Masar. Na je shagonsa don kawai in ji Hausa, na zauna a kan katako na kwashe labari na gaya masa, har da garken ɗari uku. Ya yi dariya har ya ajiye zarto.

"Ya zol," in ji shi, wato kai bawan Allah a Larabcin Sudan, "kai da ka fito ƙasar Hausa jiya jiya. A ina kake ganin hawainiya a gida?"

"A kan reshe, Baba. Ko a jikin rama."

"Ka taɓa ganin ta a cikin kwalba?"

"A'a."

"Ka taɓa ganin biyu suna hira?"

"A'a."

"Ka taɓa ganin ta da kwanon wake?"

Na sosa ƙeya.

Ya ce, "To ka daina yi mata karamcin mutane. Yi mata daji."

Ya jawo ragowar katakon taga da ragar waya irin ta hana sauro. Kafin la'asar mun haɗa keji dogo, tsayinsa ya kai ƙirjina, faɗinsa kamar kamu ɗaya da rabi, raga ta kowane gefe don iska ta ratsa, da 'yar ƙofa a gaba. Ya ce tsawo take so ba faɗi ba, don ita a sama hankalinta ke kwanciya. Na kawo maganar ladan aiki, ya ce in zo ranar Juma'a in ba shi labarin Kano, ya ishe shi.

Na roƙi rassan gwaba a wani lambu, na wanke, na gicciya su a ciki, masu kauri da sirara, wasu a kwance wasu a karkace, yadda za ta samu hanya daga ƙasa har sama. Hajja ta ba ni tukunyar wani fure mai faɗin ganye, ganyen kamar na rama, na sa a tsakiya don ta samu wurin ɓuya. Ƙasa na shimfiɗa tsohuwar jarida. Na ajiye kejin inda hantsi ke dukan rabinsa, rabi na inuwa, ta zaɓa da kanta. Da yamma in ja shi cikin ɗaki, in rataya ƙwan lantarki daga waje, sama da raga, yadda zai ɗumama reshen sama ba tare da ta taɓa ta ƙone ba. Madubi kuwa na mayar da shi aikinsa na aski.

Yadda na mayar da ita sabon gida, da sandar tsintsiya ne. Ta kama, na ɗaga, ina karanta duk abin da na haddace har da wanda ban gama haddacewa ba.

Abinci kuma, a nan ne na san ni ɗan gida ne. Lokacin Giza, inda gidan Hajja yake, ba ta cinye gonakinta ba, in ka ɗan taka sai ka shiga gonakin ciyawar dabbobi. Kamun fara kuwa ba Bamisiren da zai koya min. Da sassafe ake yi, lokacin sanyi ya ɗaure musu fiffike. Wani manomi ya kama ni a tsugune a gonarsa, ya zo da sanda, na nuna masa gwangwanin da nake tara fara. Ya leƙa, ya dube ni da tausayi, ya shiga bukka ya fito min da burodi da cuku. Ya ɗauka yunwa ce ta kai ni. Ban musa ba, don gaskiya da na ga farar nan sai da na tuna yaji da man gyaɗa.

Zuzu ta hau reshe, ta baje a rana, baƙin ya ɗan saki ya koma kalar ƙasa. Amma ci, ko alama. Fara na yawo a gabanta, har wata ta hau mata baya. Idanunta sun faɗa ciki, fatarta ta yamutse kamar tsohuwar jaka. Ga kwanon ruwa nan a ƙasan keji, kullum sai na canja, kullum yadda na bar shi. Saura kwana shida maƙwabci ya tafi. Hajja ta hawo, ta daɗe tana kallo, sai na ga ta goge ido da bakin mayafi.

Ta ce, "Magdi da hannunsa ya tsince ta a hanyar ƙauyenmu. Me zan ce masa a kaset?"

Ranar bakin Rediyo ya mutu. Na ma manta da maganar ɗaki. Na tuna Innata ce, in aka ce amanar da na bar mata ta lalace a hannunta.

Washegari da azahar na tsuguna gefen keji ina alwala da butata shuɗiya. Na wanke hannu, na yarfe kamar yadda kowa ke yi. Ɗigon ruwa ya ratsa raga ya sauka a ganye, yana ƙyalli a rana. Sai na ga ido ɗaya ya juyo. Ɗayan ma ya biyo shi. Zuzu ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba ta yi baya, ta yi shawara da kanta, irin tafiyar nan tasu ta kamar an aike su inda ba sa so. Ta isa ganyen, ta buɗe baki, ta lashe.

Na tsaya da ƙafa ɗaya a wanke. Sai gonar kakata ta dawo min tar. Ranar da na bar takalmi, da sassafe ne, raɓa ta kwanta a ganyen rama, kuma abin da hawainiyar ke yi ke nan kafin in ƙwala ihu. Lasar raɓa take. Ashe baiwar Allah ba ta san ruwan kwano ba, ba ta ma gane shi ruwa ne. Mako biyu ina ajiye mata kogi tana mutuwa da ƙishirwa.

Na tsoma hannu na yi ta yarfi, tana lasa, ina yarfi, tana lasa, har hannuna ya gaji. Na ce wannan ba zai yi ba, ni ba hadari ba ne. Na ɗauko allura na gasa a wuta, na dubi butar Innata, na ce ki yafe ni, na huda gindinta ƙaramin huji. Na rataye ta a igiyar shanya daidai saman keji. Ɗis. Ɗis. Ɗis. Daga raga zuwa ganye, daga ganye zuwa ganye, ragowar ya taru a kwanon nan da a ƙarshe ya samu aikin yi.

Malam Hadi ya zo ya tarar da buta a sama, ya riƙe baki.

"Butar alwala ka ba ƙadangare?"

"Ba ƙadangare ba ce, Malam, ka iya bakinka. Kuma duba min a littafinka, shayar da mai ƙishirwa ba lada?"

Ya ce, "Akwai lada. Amma kai da me za ka yi alwala?"

"Da taka."

Kwana biyu bayan nan, ina zaune ina bitar nahawu, na ji wani ɗan ƙas. Na ɗaga kai, fara ɗaya ta ɓace, ƙafarta kawai ke leƙowa daga bakin Zuzu. Na zuba ido. Ta saita ta biyu, sai harshe ya fita. Wallahi harshen nan ya kai daga nan zuwa Kuwait ya dawo. To, ban da wallahi. Amma ya fi jikinta tsawo, wannan ko a gaban alƙali. Na leƙa matakala na ƙwala, "Ya Hajja! Ta ci!" Tsohuwar da ke hawa bene a minti goma, ranar tantabaru ma ba su ga shigowarta ba. Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu.

Daga nan muka tsara zama, kuma da lokutan salla na ɗaure shi don kada in manta. Bayan asuba in tafi kamun fara. Da hantsi in fito da keji rana, in yayyafa wa ganye ruwa mai ɗan ɗumi, in cika buta, in saki fara uku ko huɗu. Hajja ta ce a riƙa barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai kamar yadda take yi wa tantabarunta don ƙashi ya yi ƙwari, ita ke dakawa. In na dawo daga makaranta da la'asar in sake yayyafi, da wuri, don ganye ya bushe kafin sanyi ya sauko. Magariba keji ya shiga ɗaki. Bayan isha a kashe ƙwan lantarki, don ita ma duhu take so ta yi barci. Ranar Juma'a a canja jarida, a wanke rassa, sannan in tafi biyan Baba Usmanu da labarin Kano. Doka ta ƙarshe kuwa, ba mai damun ta da taɓi. Wannan dokar ni na fi kowa kiyaye ta.

Ranar hoto Zuzu ta yi kore shar kamar ganyen alayyafo. Mai hoton unguwa ya hawo da na'urarsa, ya leƙa, ya ce raga za ta ɓata hoto, sai an fito da ita. Hajja ta juyo.

"Yalla, maza, ya Sarki. Riƙe ta, Magdi ya gan ku tare."

Malam Hadi ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannu, bakinsa har kunne. Na dubi ƙofar bene, na dubi ɗakina, na dubi Hajja. Na buɗe keji na miƙa hannu, na rufe ido ɗaya don in ta tofa a samu na komawa gida. Na ji ƙafa ta kama yatsana, a hankali, kamar jariri ya riƙe ka. Ta bi hannu, ta bi kafaɗa, ta bi kunne, ta hau kan hulata ta zauna. Ba tofi, ba cizo. Mai hoto ya ce in yi murmushi. Na buɗe haƙora dai.

Da hoton ya fito sai ga shi fari da baƙi. Duk wahalar da muka sha, Zuzu ta fito baƙa kamar ranar da na same ta. Hajja ta ɗora hannu a ka. Mai hoto ya ce, "Ma'alesh," ya ɗauko 'yan fentinsa da burushi. Ya shafa wa Zuzu kore, hannunsa ya zarce ya haɗa da rabin hulata. Da ya ga fenti ya ragu, ya sa min ja a kumatu kamar amaryar Turawa. Haka hoton ya tafi Kuwait.

Da yammar ranar Hajja ta aiko a kira ni, ta zuba min shayi, ta tura min farantin shinkafa da tantabara. Lokacin na fara tsintar Larabcin unguwa, ba tafinta. Na ce, "Ya Hajja, akwai maganar da zan gaya miki. Garken nan na kakana..."

Ta ɗaga hannu. "Ɗari uku? Ya ibni, ranar da ka shigo falona gwiwarka na kaɗawa har kofunan kabad na amsawa."

"To me ya sa kika ba ni?"

"Mutum uku sun zo kafin kai, duk ba sa tsoron ta. Suna zuwa sai su cafke ta suna juyawa kamar kokwamba. Na ce gara matsoraci. Matsoraci ba ya ɗauke ido daga abin da yake tsoro. Ci abincinka."

Shekara huɗu na yi a ɗakin nan, tari ya tafi bai dawo ba. Da kaset ɗin Magdi ya iso, Hajja ta kira ni muka saurara tare. Ya gai da Zuzu, ya gai da gwiwar uwarsa, sannan ya ce a gai da Sarkin Hawainiya, amma a kai shi asibiti a duba kumatun nan.

Da na rubuta wa Innata cewa na huda butarta saboda hawainiya, amsar da ta sa aka rubuto min layi biyu ce. Ta ce ta ji, Allah ya ba da lada. Tunda yanzu na zama jarumi, in na dawo in biya gonar kakata in ɗauko takalmina.